Yafiyar Hajiya Kouloussoum

Hajiya Kouloussoum, telarmu ta birnin Greensboro, ba ta barin wuri sai ta nemi yafiya. Da za ta sayar da gidanta na unguwar Wendover ta koma garin Summerfield, ta bi maƙwabta ƙofa-ƙofa da dambun nama, ana ta hawaye. Sai cinikin ya cije: mai sayen gidanta yana jiran a sayi nasa, wancan ma yana jiran wani. Duk sanda aka sake sa ranar tashi, sai ta sake zagayen.

A karo na uku maƙwabciyarta Salomi ta ce, "Haba Hajiya, ai mun yafe tun bara!"

Ta miƙa mata dambun, ta ce, "Karɓi, 'yar nan. Yafiyar bara ta ƙare. Kin san bakina bai huta ba tun lokacin."