Ba Zakari ne ya ƙona injina ba

A wannan wata na Zulhajji Zakari makanike ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Tsofaffin Zongon Lome sun san shi. Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai garejin nan na bayan layin mahauta, dogo, mai ɗan ɗingishi. Tare muka tashi, ya girme ni da shekara uku, kuma tun da na fara tuƙi ban kai mota wurin kowa ba sai wurinsa, in ban da sau ɗaya. A kan wannan sau ɗayan nake rubutu.

Zakari da kunne yake aiki. In ka kawo mota tana ƙara, sai ya ce ka bar ta a kunne ka yi shiru. Ya ɗora bakin dogon sukudireba a kan injin, ya kafa ƙotarsa a kunne, ya bi daga gaba zuwa baya. In ƙarar mai nauyi ce daga ƙasa, sai ya girgiza kai, ka san aikin babba ne. In kuwa siririya ce daga sama, ƙas-ƙas-ƙas kamar keken ɗinki, sai ya ce roka ce ta yi sako-sako. Roka wasu ƙananan ƙarafa ne da ke danna bawul, wato ƙofar iskar injin, ya buɗe ya rufe. Tsakaninsu da bawul akwai ɗan giɓi da bai wuce kaurin takarda biyu ko uku ba, in ya yi faɗi sai ƙara ta tashi. Gyaran ba wuya, amma Zakari yana da doka: ba ya saita shi sai injin ya huce sarai, don ƙarfe in ya ji zafi kumbura yake, awonka ya tashi a banza.

Wata shekara, saura kwana huɗu babbar salla, mahautan unguwa suka ba ni aikin ɗauko musu raguna daga arewa a akori-kurata. Na iso garejinsa da hantsi, injin kamar garwashi, yana ta ƙas-ƙas. Ya saurara, ya ce, "Roka biyu ne, na baya. Bar ta ta kwana, gobe bayan asuba ka zo ka ɗauka." Na ce, "Yaya Zakari, raguna fa ke jirana." Ya ce, "Sarkin sauri, ragunan ba su ƙosa da zuwa ba, ai sun san abin da ke jiransu. In ka matsu, tafi da ƙararka, za ta kai ka ta dawo da kai. Amma ni ba na taɓa ta da zafi."

Zaɓi biyu ya ba ni, na bar su duka. Na ja mota na tafi unguwar Cacavéli wurin wani da aka ce hannunsa na da sauri. Shi kuwa ya buɗe murfi yana yarfe yatsu saboda zafi, ya ɗaure rokokin tamau, ba awo ba komai. Ƙara ta ɗauke ɗif. Har na ji daɗi a raina. Ban san cewa in aka toshe giɓin nan bawul ba ya komawa mazauninsa ba, wuta na lasar gefensa a hankali, kai kuwa ba ka jin komai.

A dawowa, da raguna fal, motar ta fara ja da ƙyar, ta mutu a wani hawa kafin garin Atakpamé. Bawul biyu sun ƙone. Kafin a samo wata motar a kwashe kayan, salla ta wuce. Mutanen da suka dogara da mahautan nan suka yi idi ba ragon layya. Da na shigo unguwa aka yi min caa, wani dattijo ya tambaye ni wa ya taɓa motar kafin tafiya. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai kun san inda nake kai mota."

Ban ambaci sunansa ba, kuma da wannan na yi ta lallashin kaina shekara da shekaru. Amma kowa ya gan ni a garejinsa ranar. Magana ta bazu cewa kunnen Zakari ya tsufa. Direbobi suka janye ɗaya bayan ɗaya. Da aka jawo motar, shi ya buɗe ta, ya ga yadda aka ɗaure rokokin, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Bai tona ni ba, ranar ko bayanta. Ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa dai ya yi zurfi har mutum ya shige shi da sana'arsa. Ya ƙare yana gyaran baburan 'yan zemijan, wato masu acaɓa, a ƙarƙashin rumfa, mutumin da manyan motoci ke bin layi a ƙofarsa.

Yanzu in na zauna bakin titi ina kallon garejin zamani, nakan ce ko me zai ce. Samari na jona na'ura a jikin mota, ta rubuto musu ciwon da Faransanci, su karanta su canja abin da ta ce. Ina jin ba zai raina su ba, shi ba mai raina ilimi ba ne. Abin da zai dame shi gaggawar ce. Kowa so yake a kashe masa ƙara nan take, ba mai tambayar daga ina ta fito. Ni ba ni da bakin yi musu faɗa. Sauri ya haifi nawa, a kaina aka gani.

Tsufa ya zo, idona ya rage, na bar tuƙi. Makon jiya na ja ƙafa zuwa kasuwar Adawlato, inda babbar 'yarsa Hajara ke sayar da atamfa. Na zauna a bencinta na faɗa mata komai, na ce ta yafe min a madadin mahaifinta. Ta daɗe tana ninke wani turmi. Sannan ta ce, "Baba Idi, mu ai mun sani tun ranar. Shi ya hana mu magana, ya ce in mahauta suka ji, ba mai ƙara ba ka kaya, ga yaranka ƙanana. Mu mun yafe. Sauran mutanen Zongo fa, wa zai gaya musu?"

Garejin an rushe shi, an yi shaguna. Kayan aikinsa sun watse a hannun mutane. Abin da ya rage masa a duniyar nan sunansa ne, shi ma ni na ɓata shi, shi kuwa ya rufa min asiri da abincin gidansa. Mafi yawan waɗanda suka tsaya a kaina ranar sun riga mu gidan gaskiya da abin da na bari suka ɗauka, su ba ni da yadda zan yi da su. Waɗanda suka rage, da 'ya'yansu da suka gaji labarin, ku ji daga bakina: Zakari bai sa sifana a motar nan ba kafin tafiyar. Ya ce in jira, na ƙi. Allah ya jiƙansa, ya sa in iya haɗa ido da shi.