Kazar da Ba a Sa wa Barkono

Hyerim tana ƙarama ta fara jin sunan Pyo Malsun, a safiyar bikin kaka na shekarar da ta biyo bayan rasuwar babanta. An jera masa tebur yadda ake jera wa mamata: shinkafa, miya, kifi, 'ya'yan itace, ba tafarnuwa ba jan barkono, don warinsu na korar wanda ya rasu. Aka zuba masa giya, aka durƙusa aka gaishe shi, kowa ya juya baya don a ba shi wuri ya ci. Can kakarta ta yi gyaran murya, aka juyo. Tsohuwar ta ɗebi shinkafar ta kai baki, ta daɗe tana taunawa.

"Bai zo ba," in ji ta. "Da ya ci, da ɗanɗanon ya tafi. Wannan kuwa lafiyarta ƙalau."

"Haba, Omoni, a gaban yarinya?" in ji uwar Hyerim ga surukarta.

"To ƙarya na yi? Kun kwaso mu kun kawo mu saman bene, ƙofa sai an danna lambobi. Ta ina zai gane hanya? Yana can wajen Malsun yana cin kaza."

Uwar ta shiga kwashe kwanuka, ba ta kalli kowa ba. "Da ransa ma can yake ci," ta ce.

Sunan ya zauna a kan Hyerim. Dama ita ce mai riƙe irin waɗannan abubuwa a gidansu: ranar da kowa ya rasu, abin da yake so a tebur, wanda ya yi faɗa da wa kafin ya tafi. Da ta gama sakandare, wata rana da azahar, a tsakiyar zafin birnin Daegu na Koriya, ta nemi lungun masu soya kaza da ke bayan tsohuwar kasuwa.

Tun daga bakin lungun wari ke shaƙe mutum. Kowane shago na tsoma kazarsa a jar miya mai barkono da tafarnuwa da zaƙi, ana kurɓar giya mai sanyi a kai. Shago ɗaya ne, can ƙurya, da ba ya wannan warin. Ƙofarsa a ɗan buɗe, an tokare ta da tsohon silifa. A ciki wata gajeruwar tsohuwa ce tsaye gaban baƙin kaskon ƙarfe, ta ɗaure kanta tamau, ko silin gashi bai leƙo ba. Tsofaffi biyu na zaune da koriyar kwalbar giyar soju a tsakaninsu. Tebur na ƙarshe, na jikin bango, babu kowa, amma an goge shi har yana ƙyalli.

"Imo," in ji Hyerim, yadda ake kiran masu sayar da abinci, kamar ƙanwar uwa, "a ba ni rabin kaza mai barkono."

Tsofaffin suka fashe da dariya.

"Ta taɓo!" in ji ɗaya, Tak, tsohon direban tasi. "'Yan mata, nan gishiri ne da kabeji. Mai shagon nan 'yar masu noman tafarnuwa ce fa, amma ko ƙwara ɗaya ba ta bari ta tsallako ƙofar nan. Mu ma don ba mu da haƙoran zuwa wani wuri ne."

"Kai tsohon banza, ci ka tashi," in ji Malsun ba tare da ta juyo ba. Sai ta juyo ɗin, ta kalli Hyerim daga goshi zuwa haɓa. "Ke 'yar Seo mai rini ce. Kunnensa ne wannan. Zauna, amma ba can ba."

Daga ranar Hyerim ta riƙa zuwa, a yankan kabeji da wanke kofuna ta tsinci labarin matar gutsure-gutsure.

A Uiseong aka haife ta, ƙasar tafarnuwa, bayan mata sun yi yawa a gidan. Shi ya sa aka sa mata Malsun, wato ta ƙarshe, don a rufe ƙofar mata. Ƙofar kuwa ta rufu, aka haifi namiji, Yongchil, ita ta goye shi har bayanta ya yi kanta. Ta zo Daegu aikin masaƙa, ƙurar auduga ta kore ta. Ta koma figar kaji a kasuwa, daga nan ta samu kasko. Ta yi aure bai daɗe ba, bai bar mata ɗa ba. Yongchil ya biyo ta birni yana ɗaukar kaya, kullum bayan la'asar ya zauna a tebur na jikin bango ta zuba masa soju, don mutum ba ya zuba wa kansa. Wani hunturu zazzaɓi ya ɗauke shi, bai yi aure ba. Wanda ya tafi ba mata ba ɗa, ba mai jera masa tebur.

Shekarar ce jar miyar ta shigo lungun, layi ya koma ƙofar maƙwabta. Malsun ma ta haɗa tata, tukunya guda.

"Ranar da na fara sayar da ita, ruwa ake yi," ta gaya wa Hyerim. "Na ɗaga kai haka, sai ga Yongchil a tsallaken lungu, jikin katanga, tsaye. Ya toshe hanci da hannun rigarsa yana kallon teburinsa. Ban ce miki mafarki ba ne, ina tsaye, mai na tafasa. Na ɗauki tukunyar na juye a kwata."

"Sai ya shigo?"

"Sai na zuba masa. Bayansa wasu suka biyo. Wanda 'ya'yansa suka ƙaura, wanda aka manta ranarsa, wanda ya saba da nan. Ni ba na tambaya. Mai saye ne dai, ya daina biya."

Tak ya miƙa wa abokinsa kofi ya cika masa. "To ke, Malsun, in kin tafi wa zai zuba miki? 'Ya'yan yayyenki duk suna Seoul, ko sunanki ba su iya faɗa daidai ba. Ni dai na ce ki aure ni kin ƙi."

"Kai da za ka riga ni tafiya, ina ruwanka?"

Aka yi dariya, amma Hyerim ta ga cokalin tsamo kaza ya tsaya a hannun tsohuwar, ya daɗe bai motsa ba.

Sai da aka kwana biyu Hyerim ta iya tambayar abin da ya kawo ta. Ranar ba kowa a shagon, rana na dukan rufin kwano.

"Imo, da gaske babana na zuwa?"

Malsun ta juya ga kaskonta. Ta jefa kaza guda a mai, ta tsamo ta ja jawur, ta yayyage ta a faranti, ta ajiye a tebur na jikin bango. Ta ɗora sandunan cin abinci a kai. Ta miƙa wa Hyerim kwalba. "Da hannu biyu. Ubanki ne."

Hyerim ta zuba. Suka fita lungu suka juya wa ƙofar baya. A maƙwabta ana ta hayaniya, babur ya wuce da kwalayen kaza. A bayansu kuwa shiru, har ƙarar man kaskon ta ɗauke. Hyerim ta ji sanyi ya bi ta ƙeyarta, irin na wanda ya gifta kusa da kai a wuri matsattse. Karen shagon gaba ya tashi daga inuwa ya koma cikin rana ya kwanta.

Malsun ta yi gyaran murya, suka shiga.

Kazar na nan yadda aka bar ta. Kofin ma na nan, ko ya ragu ko bai ragu ba, Hyerim ba ta iya rantsewa. Sandunan ne dai take ganin kamar ba nan gefen aka ɗora su ba.

"Ci," in ji Malsun.

Ta ɗauki fiffike. Sanyi ƙalau, kamar ta tauna jiƙaƙƙiyar takarda. Wuya ma haka, ƙirji ma haka, ba gishiri ba maiƙo. Ta kai hannu ga cinya, sai ta ƙona mata yatsa. Ta ciza, ɗanɗanon ya cika mata baki.

"Haka yake yi tun da ransa," in ji Malsun tana goge hannu. "Ya ci wuya da fiffike a nan da kofinsa, ya ce in sa masa cinyoyin a jakar takarda, akwai mai jira a gida."

Hyerim ta tuna jakar, ruwan ɗorawa, maiƙo ya huda gindinta. Ta tuna ana tashin ta ta ci. Ba ta taɓa tambayar inda sauran kazar take ba. Ta cinye cinyoyin biyu tana kuka, tsohuwar ta ƙyale ta.

Da suka zo wanke farantin ne Malsun ta roƙe ta wani abu. Hyerim ta ce to, cikin sauri, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi don su bar zancen mutuwa.

Malsun ta rasu da bazarar da ta biyo baya, a kan kujerarta, kaskon bai gama hucewa ba. Ɗan yayarta ya zo daga Seoul, aka ƙone gawar, ya koma a ranar. Mai ginin ya ba wani saurayi hayar shagon. Ba mugu ba ne, ya yi fenti, ya sa fitilu, ya sa ƙofar gilashi mai rufe kanta.

Hyerim ta je ranar da ya buɗe, da rana, ana yayyafi. Warin tafarnuwa da barkono ya kai har ƙuryar lungun, 'yan makaranta sun cika tebur na jikin bango suna lasar yatsu. Tak na tsaye a waje da lema, bai shiga ba.

"'Yan mata," ya ce, ba dariya a muryarsa, "dubi can."

A tsallake, gindin katanga, ruwa ya jiƙa ƙasa ko'ina, ban da wasu wurare a jere, kowanne faɗin tsayuwar mutum, busassu. Na ƙarshe ya fi sauran ƙanƙanta.

Hyerim ta shiga kasuwa ta sayo ɗanyar kaza da koriyar kwalba. Ta dawo gindin katangar, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Mu je." Ba ta hau mota ba. Ta riƙa tafiya a hankali, tana faɗin kowace kwana a fili, mutane na kallonta. A tsallaken titi ta jira har fitila ta sake ba da hannu karo na biyu. A benensu ta bi matakala, tana hutawa a kowane hawa. Ba ta waiwaya ba, ko da ta ji numfashin da ba nata ba.

Ta danna lambobin, ta cire silifa ɗaya ta tokare ƙofar.

Uwarta ta leƙo daga kicin, ta kalli kazar, ta kalli ƙofar, ta kalli bayan 'yarta ta daɗe. Sai ta ɗauke kwalbar barkono da ragar tafarnuwa ta kai baranda ta rufe.

"Kofi nawa?" ta tambaya.

"Duk waɗanda muke da su, Omma."

Hyerim ta ɗaure kanta tamau, ta ɗora mai a wuta. Kofi na farko da ta cika, da hannu biyu, ba na babanta ba ne. Maganar ranar wanke faranti ce ke kunnenta, da muryar mai ita.

"Ranar da aka rufe ƙofar nan, ki zo ki tafi da su, kar ki bar min su a titi. Ki yi tafiya sannu, gwiwata ba ta da kyau. In kun isa, ki zuba min nawa. Duk rayuwata ina zuba wa mutane, ban taɓa zuba wa kaina ba, kada ki sa in fara a can."