Malam Habu da Filin da Ya Tarar Babu Kowa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina wanke-wanke Umma ta leƙo ta ce Malam Habu na Rurum ya rasu.



Shi ya koyar da mu a aji shida. Ni ba na magana a aji, kowa ya sani. Duk ranar da Najeriya ta buga ƙwallo, washegari kafin darasi sai ya zana fili a allo, ya ɗiɗɗiga 'yan wasa da alli. Tsarinsa ɗaya ne kullum: uku a baya, biyar a tsakiya, biyu a gaba. Yakan ce, "Mu kowa so yake ya ci, ba mai son ya miƙa wa ɗan'uwansa."

Wata rana ya ba ni allin. "Mariya, yau ke ce koci. Ina za ki sa lamba goma?" Maza suka kwashe da dariya. Na ja shi baya, cikin 'yan tsakiya. Malam ya ce, "Ku yi ta dariya, ni dai na ɗauke ta aiki."

Ranar na fara ɗaga hannu a aji.

Shi ya haɗa ƙungiyar samarin unguwarmu. Yayana Sani ne kyaftin. Takalmin ƙwallon da Yaya ya fara sawa ma na Malam ne, ya cusa masa tsumma a gaba don ya yi masa daidai.

Da zaɓe ya matso, wani ɗan takara ya sa kofi, ya kawo jesi, ya kawo nasa kocin daga Kano. Kocin ya ce mutum uku a gaba, yadda 'yan wasan ƙasa suke yi a talabijin. Malam ya ce a'a, filinmu dutse ya cinye gefe guda, 'yan gefe ba su da wurin gudu.

Ba wanda ya ce masa an sallame shi. Wai kunyarsa suke ji, babba ne. Sai samarin suka mayar da atisaye filin Madachi, ba su gaya masa ba.

Ina dawowa daga Islamiyya na gan shi zaune a kan mashin ɗinsa, ƙwallo ɗaure a baya, fili babu kowa. Ya ce, "Mariya, yayanki lafiya dai ko?" Da na je gida na gaya wa Yaya. Ya ce in rufe masa baki, ba harkar mata ba ce.

Wannan ce kunyar?

Ganinmu na ƙarshe, Umma ta aike ni gidansa da kunu yana kwance ba lafiya. Najeriya ta sha kashi a jiyan. Ya ce, "Nawa suka sa a tsakiya?" Na ce uku. Ya yi murmushi. "Shi ya sa." Sai ya ce, "Ki ce wa Sani ya dinga komawa baya yana taya tsaro. Ya zo mana mu gaisa."

Na faɗa wa Yaya. Bai je ba. Ko ɗayansu bai je ba.

Yau kuma na buɗe wayar Umma na ga duk sun sa hotonsa. Yaya ya rubuta wai ubansu ne a ƙwallo.

Yaya, na san za ka karanta, na san kuma za ka daina yi mini magana. Na yarda. Amma Inna Asabe matar Malam ta san komai, ita take karɓar ƙwallon a hannunsa in ya dawo. Kafin sadakar uku ka tattara 'yan ƙungiyarku ku je ku durƙusa a gabanta, ku faɗi abin da kuka yi da bakinku. Ni zan raka ka har ƙofar ɗakinta.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka masa da Aljanna kan haƙurin da ya yi da mu. Wanda duk ya karanta, don Allah ya yi masa ko da Ƙulhuwallahu ce, ya ambaci sunansa.