Tsamiyar da Baba Ya Sare

Duk ranar da tirelar shanu ta iso mayankar Oko-Oba ta Legas daga wajen garinmu, Baba yakan aike ni da tambaya guda: "Je ka ji mini ko an yi ruwa." Shi ba ya zuwa da kansa. Ni kuwa lokacin aikin fata nake yi a mayanka, ina barbaɗa gishiri ina shanyawa, kullum muna tare da direbobin nan. In na dawo na ce an yi ruwa, sai ya ce alhamdulillahi, ya ci tuwonsa har ya nemi ƙari. In na ce shiru ne har yanzu, ranar ko kunu ba zai sha ba. Ga mu a Agege, ruwa yana zuba har ya shigo mana ɗaki muna kwashewa da roba, amma hankalinsa yana kan gajimaren da bai haɗu ba a wata ƙasa mai nisan kwana biyu a mota.

Abin da ya jawo haka tsohon zance ne. A bakin gonarmu, can ƙauyenmu kusa da iyakar Nijar, akwai wata ƙatuwar tsamiya da kakanninmu suka tarar. Ana cewa akwai mutanen ɓoye a kanta, mata ma ba sa bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana. A shekarun yunwar nan ta zamanin soja, da rumbunmu ya ƙare tun bazara ba ta shigo ba, Baba ya sare ta ya sayar wa masu kai itace birni. Da ita muka rayu. Damina ta zo ba ruwa. Aka fita roƙon ruwa, aka sake fita, sama ta yi tangaran. A fita ta ƙarshe wani dattijo, ƙanin mai gari, ya waiwayo a bainar jama'a ya ce, "Ai tun da aka sare tsamiyar nan mun san ba za mu ga daidai ba." Bai kama suna ba, amma kowa ya juya ya kalli Baba.

Daga ranar, in ya iso majalisa sai hira ta mutu. Rijiya ta ƙafe, aka ce tsamiya. Akuya ta yi ɓari, aka ce tsamiya. Da kaka ta yi, Baba ya ɗauki buhunsa ya tafi cirani Ikko, wato Legas, bai sake komawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shi ma ya yarda da maganar. Inna ta rasu a can, ni na sa ta a kabari da hannuna, aka aika masa, ya aiko cewa ƙafarsa ba alheri ba ce ga garin. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina. Ko da na biyo shi Legas daga baya muka zauna ɗaki ɗaya, akwai ranakun da gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da farar hula suka karɓi mulki, wata ƙungiya ta buɗe ajin yaƙi da jahilci a wata firamare kusa da layin dogo. Bayan la'asar ake shiga, in yara sun tashi. Baba gadi yake yi a wani sito a Ijora, ogansu kuma ya ce yana son mai gadin da zai iya karanta lambar mota, shi ya sa ya shiga. Ni na bi shi ne don kada a ce tsoho ya tafi makaranta ɗansa yana gida. In ka leƙo ajin sai ka yi dariya: mahauta da 'yan dako da 'yan okada, manyan mutane da furfura, mun cusa kanmu a bencin yara, gwiwa tana taɓa haɓa. Kusan dukkanmu manoma ne da gona ta kora.

Malamarmu Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta yi ritaya daga koyarwa. Hausarta tana da ɗan karkata, takan ce wa mace "ya zo", 'yan ajin su yi ta gyara mata, ita kuma ta ce, "Ku gyara mini baki, ni in gyara muku hannu." Kowa tana ce masa oga don tsokana, ban da Baba. Shi Baba take ce masa, har da ɗan rusunawa. Ya kuwa ɗauki karatun nan da gaske. Ran da ya fara karanta abin da ke rubuce a jikin wata danfo, motar hayar nan ta Legas, tsayawa ya yi a tsakiyar hanya har wani ɗan okada ya zage shi da Yarbanci.

Ƙungiyar ta ce a riƙa ware rana guda a mako ana darasi kan sauyin yanayi, tunda mutanen karkara ne mu, wai in mun koma gida mu kai. Suka aiko da wani babban hoto, Malama ta manna a allo. A gefe guda an zana mutum da hula da 'yar shara, ya ɗaga gatari kan itace. A ɗaya gefen ba komai sai rairayi da ƙasusuwan saniya. Wani matashin mahauci, haihuwar Agege, ya ce, "Malama, wannan mai gatarin sai ka ce ogana, wallahi har tumbin!" Aji ya kwashe da dariya. Malama ta jira aka yi shiru, ta ɗora sanda kan mai gatarin, ta karanta abin da aka rubuta a ƙasa: wannan shi ne ya kira hamada.

Na ji bencinmu ya motsa. Baba ya miƙe a hankali, ya zura takalmansa, ya fita. Na hango shi ta taga yana bin gefen layin dogo, kafaɗunsa sun sauka. Shekara da shekaru jahilai ne suka yanke masa hukunci, yau ga masu boko sun buga shi a takarda har da launi.

Bai sake komawa ajin ba. Da Malama ta tambaye ni, "Ina Baba kwana biyu?" sai abin ya ɓalle mini. Na faɗa mata komai, ban tausasa ba. Na ce, "Kun zauna a ofis kun zana mutum da gatari. Kun tambaye shi me ya sa ya ɗaga gatarin? 'Ya'yansa ne ke kuka da yunwa, ni ne ɗaya daga cikinsu!" Ba ta kare kanta ba. Ta tsaya tana kallon hoton, can ta sa hannu ta ɓamɓare shi ta naɗe.

Washegari aka wuni ana ruwa, lungunmu ya cika har idon sawu. Sai ga ta da laima, takalmanta a hannu, tana tambayar yara ɗakinmu. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta gaida Baba. Ya amsa yana kallon bango. Ta ce, "Baba, na yi kuskure a darasin nan. Ina roƙonka ka zo sau ɗaya kawai in gyara. In bai yi maka ba, ba zan ƙara damunka ba." Ya juyo ya dube ta. Can ya ce, "Kin shiga ruwa saboda ni. Zan zo."

Ranar darasin ba ta rubuta komai a allo ba. Ta jawo kujera ta zauna a gabanmu ta ce kowa ya tashi ya faɗi garinsu, ya kuma faɗi yadda ruwa yake da da yadda yake yanzu. Wani ɗan dako daga wajen Sakkwato ya ce a da maiwa suke shukawa, yanzu ruwa yana ɗaukewa tun ba ta fid da kai ba. Wani daga bakin tafkin Cadi ya ce inda mahaifinsa ke ɗaure kwalekwale yanzu wake ake nomawa. Wani daga Yobe ya ce rairayi ya cinye masu rabin gona, kuma a garinsu wata tsohuwa aka ɗora wa laifin, aka ce maita ce. Sai wani dogo ɗan Nijar, mai sayar da shayi, ya miƙe ya ce, "Madam, mu garinmu ko itacen kirki ba mu da shi balle mu sare, amma ruwan ya ƙi mu kamar kowa." Aka ɗan yi dariya, dariyar da ba ta daɗi ba. Malama ma ta faɗi nata: rafin da suke iyo suna yara, yanzu da rani akuya ke tsallake shi.

Sannan ta yi mana bayani a hankali. Ta nuna hayaƙin motocin da ke wucewa a titi, ta ce mu tuna da na masana'antun Ijora da Apapa, mu kuma ƙara da na ƙasashen da suka fi mu injuna nesa ba kusa ba. Ta ce hayaƙin nan yana taruwa a sama yana riƙe zafi kamar bargo, zafin kuma yana rikita lokutan ruwa. Ta ce itace yana da amfani, yana riƙe ƙasa yana tare iska, in an sare da yawa ana jin jiki. Ta ce masanan ma ba su gama gane komai ba. Wani ya ce, "Malama, ruwa fa na Allah ne." Ta ce, "Haka ne, ni ma haka na yarda. Amma kana jin Allah zai hana mutanen Nijar da na Cadi ruwa saboda abin da aka yi a gonar mutum ɗaya?"

Baba yana zaune a bencin ƙarshe. Ya ɗaga hannu kamar yaro. Ya ce, "Malama, ke nan ba ni ba ne?"

Ta taso ta zo har gabansa. Ta ce, "Baba, itace ɗaya ka sare. Wannan naka ne. Sauran ba naka ba ne, ka ajiye."

Ya sa hula ya rufe fuskarsa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar, a bencin yara, gaban mahauta. Ba wanda ya yi motsi. Matashin nan mai barkwanci ma ya sunkuyar da kai.

Bayan nan ya koma aji, amma lambar mota ta daina damunsa. Darasin ranar yake so ya haddace. Yakan tsare Malama ta maimaita masa zancen bargon, ya dawo ɗaki ya yi ta bita a kaina, har da tafkin Cadi da mai shayi. Ya ce zai je ya faɗa musu a majalisa, gaban ƙanin mai gari. Da kaka ta yi, ya ajiye gadin. Muka hau wata tirela da ta sauke shanu za ta koma arewa, muka shimfiɗa buhu a kan dusa, muka kama hanya.

Garin ya ƙanƙance. Gidaje da yawa sun rushe, masu su suna Kano ko Legas ko lahira. Mai gari ya daɗe da rasuwa, amma ƙaninsa yana nan, ya tsufa tukuf, ido ya tafi, an jingina shi da bango a kan buzu. Baba ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne. Tsohon ya yi murna ƙwarai, ya riƙe masa hannu yana cewa, "Kai ne? Ikko ta riƙe mana kai! Me muka yi maka ka guje mu haka?" Baba ya gyara zama ya fara darasinsa. Ya ce game da tsamiyar nan ne ya zo. Tsohon ya karkato da kunne ya ce, "Wace tsamiya?"

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Magana ɗaya ya jefar a filin roƙon ruwa ya wuce, ya manta, mutum ya ɗauke ta ya yi ta dako da ita har furfura. Na buɗe baki, Baba ya dafa gwiwata. Bai ƙarasa darasin ba. Ya tambayi tsohon jiki da iyali, ya ba shi goron da ya zo da shi, muka tashi.

A waje ya ce mini, "Kai ni wurin uwarka."

Na san wurin sarai. Gabas da wata aduwa ne, kusa da shingen ƙaya, ni na kafa fasasshen tulu a wajen kanta. Da muka isa maƙabarta babu aduwar, babu shingen. Rairayi ya malalo daga arewa ya shafe komai ya yi sumul. Na yi gabas, na dawo, na tona nan da ƙafa, na tona can. Baba yana tsaye yana bina da ido, takalmansa a hannu.

Na ce, "Baba, ban gane wurin ba."

Sai ya ajiye takalman, ya fuskanci filin gaba ɗaya, ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ni ma na matso na tsaya a gefensa.