Fayil Mai Lamba Dubu Ɗari da Uku

Farkon kama aikina a Abuja, bayan dawowar mulkin farar hula, an tura ni sashen rajistar filaye. Ogana lissafi ya karanta a jami'a, kuma bai taɓa haƙura da cewa buɗe fayil aka ɗauke shi yi ba. Duk lambar da ta zo gabansa sai ya bincika ta da kalkuleta, cika ce ko mara, da me da me take rabuwa.

Wata Litinin wasu manoma uku 'yan uwan juna suka zo daga Yangoji, suna son a raba musu gonar mahaifinsu a takarda. Na duba rajista, lambar da ke bi ita ce dubu ɗari da uku, wato 100,003. Oga ya shafe kusan awa guda yana danne-danne, sannan ya cire tabarau ya ce wannan lamba ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta, don haka shi ba zai ɗora rabon gado a kanta ba.

Babbansu ya ce, "Oga, gona ne za a raba, ba lamba ba."

Oga ya ba su haƙuri, ya ce su jira dubu ɗari da biyar, wato 100,005, ita tana rabuwa uku cif. Suka zauna a benci. Ni kunya ta hana ni ɗaga kai.

Washegari wata mata daga Jikwoyi, ita kaɗai ce mai filinta, ta ɗauke lambar farko. Ta biyun kuwa, 100,004, har Laraba babu wanda ya zo. Sai oga ya sa ni na buɗe fayil da ita, na rubuta takardar neman izinin buɗe fayil na saka a ciki, ya sa hannu.

Muna gama rubuta wa manoman tasu, bayan sintirin kwana uku, babban ya ambata cewa akwai ƙaninsu na huɗu a Legas, shi ma yana da kaso. Oga ya dubi fayil ɗin lambar da muka ɓata, wadda ke rabuwa huɗu cif, sannan ya ce zai je masallaci, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba.

Na ɗauki fayil ɗin manoman na kai ofishin gaba. Matar da ke wurin tana cin gyaɗa, ta buga masa hatimi ba tare da ta dubi lambar da ke bangon ba. Manoman suka samu motar Kwali ta komawa gida kafin azahar.