Dalilin da Ya Sa Na Dawo Agege Ba Gemu

Salamu alaikum. Shekara da shekaru ina haɗiye maganar nan, yau ta ƙi haɗiyuwa. 'Yata Hajara ce ke rubutawa, na ce kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Farkon mulkin farar hula na yanzu ne. Ina dillancin albasa a kasuwar Mile 12, sai na fara ganin buhu ɗaya ya zama biyu. Ga ciwon kai. Na sha jiƙo, na ƙi asibiti, har ranar da motar haya, danfo, ta kusa take ni a Oshodi.

Hoto, jini, hoto kuma. Likita ya ce cutar kansa ce a bayan ido, dab da ƙwaƙwalwa, wuƙa ba ta isa wurin. Sai Afirka ta Kudu. Can akwai wani ƙaton inji mai harba haske, furoton suke ce masa, ya tsaya cak a kan ciwon ba ya wucewa.

Na sayar da motata ta ɗaukar kaya.

Da muka isa ni da Hajara, suka ce za su ƙera mini abin rufe fuska, a ɗaure kaina kada in motsa. Amma sai an aske gemu, don abin ya zauna daram.

Na ce a mai da ni Agege.

Na kasa zama, na kasa kwanciya, sai kai da kawowa a baranda. Hajara ta ce, "Baba, in ka makance, wa zai riƙa taje maka shi? Ni dai ina da miji."

Aka aske.

Kullum a zaunar da ni a kujera, a ɗaure, kowa ya fice. Ba zafi, ba ka ganin komai. Tsoro kawai, da hanci mai ƙaiƙayi.

Na dawo da idona garau. Ina zama a majalisa, Sani mai goro ya ce, "Oga Ɗanlami, gemun kaɗai ka baro can, ko har da addinin?" Aka yi dariya. Kiran sallar da nake yi a masallacinmu, aka ba wani. Ba wanda ya tambayi dalili, ni kuma ba na roƙon a tambaye ni.

To ga dalilin. Ku karanta wa waɗanda suka rage cikin 'yan majalisar.

Alhamdulillahi. Hajara, Allah Ya yi miki albarka, da likitocin da suka jure faɗana.

In idonka ya rikice, je asibiti da wuri. Ka tambaya tun a gida abin da maganin zai raba ka da shi. In kuma ɗan'uwanka ya dawo daga jinya kamanninsa sun sauya, ka ce masa sannu tukuna.