Kaskon Ɗibar Wuta

Yaran unguwarmu a nan Gidan Dare suna rage murya in za su wuce ƙofata. Ina zaune da buhun shinkafa da kwanon awo, ina jin su suna raɗa cewa Goggo Ige ba abin da ke wuce idonta. Gaskiyarsu ce. Ban taɓa zama aji ba, amma na san wanda ya ci abinci da wanda ya shafa mai a baki don a ce ya ci. Wannan idon gadonsa na yi wurin kakata Inno, a bakin wutar gumi, a ƙauyenmu na bakin gulbi can bayan Wamakko.

In an yanke shinkafa, aikin mata ke nan ya tashi. A jiƙa shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta, a turara ta a babbar tukunya, a shanya, sannan a casa a turmi. Turarawar ita muke kira gumi. Inno ba ta ɗora tukunya sai rana ta faɗi, don zafin garinmu ba ya son a ƙara masa wuta. Da an idar da sallar lisha sai mu jikoki mu kewaye murhu, kowa da ɗan dankalinsa da ya cusa cikin toka. Ba zaman banza muke yi ba. Wani na tura kara, wata na watsa ƙaiƙayi, wanda ya yi gyangyaɗi kuwa muciya ce ke tashe shi. Inno ba ta iya lallashi ba. Tatsuniyar ma sai ta ga wuta ta kama yadda take so, sannan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ta biyo hayaƙi." Mu ce, "Ta sauko mu ɗiba."

Akwai abin da ke ba ni haushi a lokacin. Wutar Inno ba ta mutuwa, tana binne garwashi cikin toka ya kai safe. Amma kullum gari ya waye sai ta miƙo mini wani baƙin kasko mai tsagaggen baki, ta ce in je gidan wance in ɗebo wuta. Yau wannan gida, gobe wancan, har gidajen da ke ƙarshen gari. In na dawo kuma sai tambaya: wutar ta yau ce ko ta jiya, me ke kan murhu, tokar da ɗumi ko ta yi sanyi. Na ɗauka tsegumi ne irin na tsofaffi. Wata rana a bakin wuta na yi ƙarfin hali na tambaye ta dalilin wahalar da ni, ga garwashi jawur a gidanmu. Na zata muciya za ta sauka a kaina. Sai ta dube ni, ta ce, "Zamna, ɗiyar nan. Bakinki ya hi ƙahwarki sauri." Daga nan ta ɗauko wannan tatsuniyar.

Wai an yi wani gari da ba a samun wuta sai a gidan maƙwabci. Kowace safiya kasko na yawo gida gida. A dajin garin akwai wata tsohuwa siririya mai dogon wuya, sunanta Yunwa, ba inda take son kwana irin murhun da ya yi sanyi. Mutanen gida in sun gan ta kwance cikin toka ba sa kora ta, sai su rufa mata faifai don kada a ji. Amma ita kuma tana da nata raunin: ba ta jure idon baƙo. Da mai ɗibar wuta ya leƙo, sai ta tattara tsummanta ta bi ta bayan danga. Saboda haka ba ta taɓa daɗewa a garin ba.

Ana nan sai wani falke ya zo da ƙyastu, ƙarfe da ɗan dutse, a ƙyasta wuta ta tashi. A nan Inno takan ɗaga yatsa ta ce, "Falken ga ba mugu ba na. Ƙyastu abu na mai kyau." Kowa ya saya, aka huta da fita cikin ruwan sama, aka rataye kasko. Yunwa ta shiga gidan ƙarshen gari ta kwanta, ba wanda ya leƙo. Ta miƙe ƙafa. Ta yi ƙiba, har ta haihu cikin toka, 'ya'yanta suka rarrafa zuwa maƙwabta. A bakin rijiya kuwa in an haɗu, lafiya, lafiya lau. Aka cinye iri, aka sayar da fartanya, gidaje suka riƙa wayewa ba kowa, masu su sun bar gari da asuba ba sallama.

Sai ƙyastun wata tsohuwa ya faɗa rijiya. Dole ta sauko da kaskonta ta shiga gidan maƙwabciya, ta yi ido biyu da Yunwa zaune cikin murhu kamar mai gida. Ba ta yi ihu ba, ba ta kira kowa ba. Ta koma ta ɗebo gero, ta ce wa maƙwabciyar hannunta ke ciwo, ta taimaka ta daka mata ta dafa, ta ɗebi rabon aikinta. Aka hura wuta. Hayaƙi ya shiga idon Yunwa, ta fita tana tari, 'ya'yanta na bin ta a baya. Inno ta rufe da cewa tatsuniya ta koma cikin toka, mai son ta ya tona da safe.

Na tambaye ta ko mutanen garin sun zubar da ƙyastun. Ta ja tsaki. "Wawa ka jehwa da abu mai amhwani. Sun aje ƙyastu, kuma sun sauko da kasko."

Sai daga baya na lura da abin da ke gaban idona tuntuni. Duk ranar da na dawo da kasko ba wuta, kafin la'asar Inno za ta aika shanshera gidan, da saƙon cewa tukunyarta ta cika, a taimaka mata da gumi. Mai gumi kuwa a al'adarmu tana da rabonta a kowane buhu. Ba a taɓa kiran abin sadaka ba, ba wadda ta taɓa sunkuyar da kai in ta haɗu da Inno.

Aure ya kawo ni Sakkwato, Inno ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinta. Ƙauyenmu kuma ya samu ci gaba, kuma ni ba na cikin tsofaffin da ke zagin zamani. An gyara hanya, mota na shiga har bakin masallaci. 'Yan garin da ke aiki a birni suka haɗa hannu da ƙaramar hukuma aka kawo injin casa, aka yi daɓen siminti na shanya. Mata suka kafa ƙungiya, suka naɗa Tumba shugaba, mace mai kaifin baki da tsabtar aiki. Wadda taɓarya ta taɓa fasa wa tafin hannu ita ta san darajar injin nan. Shinkafarsu nake sayarwa a ƙofata. Kowace mace tana ɗaure bakin buhunta da ƙyallen tsohon zaninta, da shi nake gane na wance da na wance. Kowa kuma ya samu waya, ga ashana a kowane shago.

Shekarar da gulbi ya yi ambaliya, sai na daina ganin koren ƙyalle cikin buhunan da mota ke saukewa. Na Kulu ne, 'yar maƙwabtanmu da na goya tana jaririya, mijinta ya rasu ya bar ta da yara da fadama guda. Na sa aka kira mini ita a waya. Lafiya lau, Goggo, ciwon baya ne kawai. Na tambayi Tumba, ta ce haka Kulu ta gaya musu, hutawa take yi. Sai direban motar, yana sauke kaya, ya ambata a cikin hira cewa ya kai wani mutumin birni duba fadamar marigayi, ana ciniki. Na san abin da ke biyo bayan wannan. In fadama ta tafi, Kulu za ta kwashi yara ta shigo birni wankau da wanke-wanke, kuma waɗanda suka fito ta wannan hanyar ban ga wadda ta koma ba.

Washegari na nemi kasko na shiga mota. A bakin gari matasa suka yi ta dariya, wai Goggo ta zo daga birni neman garwashi, ko a saya mata ashana. Ban kula su ba. Gidan Kulu a share yake tas. Ta fito da zaninta mai kyau, ta kawo ruwa, tana ta ja na zuwa ɗaki. Na ce mata wuta na zo ɗiba, na wuce ta zuwa madafa. Kaza ce kwance cikin murhu a kan ƙwai. Inda tukunyar gumi ke zama, sai zagayen gindinta a ƙasa.

Ta zo ta tsaya a bayana. Can ta faɗa mini da ƙaramar murya cewa ruwa ya cinye shinkafar, ta sayar da tukunya, yara gari suke jiƙawa, mai sayen fadama zai dawo bayan Juma'a. Sannan ta ce, "Don Allah, Goggo, kada ki hwaɗa ma kowa."

Na ce, "Ni ban ga komi ba. Wuta niz zo ɗiba, ban samu ba."

Daga nan na nufi wurin inji. Na tarar da Tumba tana faɗa da mata a kan shanya. Ban karya alkawari ba. Na dai ce musu masu saye a birni sun fi ƙarfin abin da suke aiko mini, kuma guminsu ya fara fita da gaggawa don suna cika tukunya fiye da kima, abin da yake gaskiya ne. Tumba ta buɗe baki za ta rama, sai idonta ya sauka a kan kaskon da ke hannuna, ba garwashi ba toka. Ita ma a garin ta tashi, ta ga Inno da idonta. Ta juya ta dubi buhunan da aka jera, tana bin ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya. Ba koren ƙyalle a cikinsu. Sai ta ce tukunyarta ta biyu zaune take ba aiki.

Kafin la'asar jaki ya tsaya ƙofar Kulu da shanshera da tukunya da damin kara. Tumba ce da kanta a gaba, tana ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Ke Kulu, kina kwance da ciwon baya mu aiki na kashe mu? Tashi ki kama muna, ba mu iyawa." Mazan gari kuma suka yi gayya a fadamar, aka ja ruwa da injin ban ruwa na ƙungiya don noman rani. Da mutumin birni ya dawo, aka ba shi haƙuri, aka ce an riga an zuba iri.

Na sha tunanin abin nan. Injin ya yi mana rana, hanya ta yi mana rana, waya ma haka. Sai dai a waya kowa lafiya lau yake. Mutanenmu sun gwammace su kwana da yunwa da su buɗe baki, kuma ban ce su canza ba, kunya ado ce. Abin da Inno ta gane shi ne, tunda ba za su faɗa ba, dole a samu dalilin shiga madafarsu, kuma a fito ba a tozarta su ba. Na ɗauka na gama fahimtar tatsuniyar ke nan. Ashe da saura.

Bara gwiwoyina suka kama ni, tsayuwa ta gagara. Ɗana yana aiki nesa, in ya kira sai in ce lafiya lau, don me zan tayar masa da hankali. Ga tukunyar gas da ya saya mini, ga shinkafa buhu guda, amma ba ƙafar da za ta kai ni. Na rufe ƙofa, ina jiƙa abin da ya samu. Wata safiya na ji sallama. Kulu ce, an sauke mata buhu mai koren ƙyalle a zaure, ita kuma riƙe da kasko. Direba ne ya gaya mata bai ga Goggo a bakin ƙofa da kwanonta ba.

Ta gaishe ni a tsaye, ta ce, "Goggo, wuta niz zo ɗiba." Tun daga bayan Wamakko. Ta wuce ni zuwa madafa, na ji ta ɗaga murfin tukunya ta mayar. Na fara faɗa, ina cewa wa ya aike ta, gidan mutane ba a shiga haka. Ta leƙo ta ce, "Ni ban ga komi ba."

Ba ta iya kunna gas ba, sai ta haɗa duwatsu a tsakar gida ta hura itace. Hayaƙin ya biyo ta ƙofar ɗaki ya shiga idona, shi ya sa ta same ni ina sharewa da bakin mayafi. Duk Gidan Dare an san ni ba mai kuka ba ce.